Kwamfutar da Ba Ta Tsuwa Sai a Ɗakina

Kawu,

Don girman Allah ka agaza mini da shawara kafin Asabar mai zuwa, domin in ba ka tare ni ba zan aikata abin da ni da ƙanena ba za mu sake shan inuwa ɗaya ba. Ban saba kawo kukana jarida ba. Ni ce ma mai yi wa masu rubuto maka dariya, ina cewa yaya mutum da hankalinsa zai rasa wanda zai gaya wa damuwarsa sai wani tsohon da bai taɓa gani ba. To, yau ga ni a layi, sai ka yi haƙuri da ni.

Sana'ata zanen gine-gine. Na daɗe a ofis ina zana gidaje wasu suna sa hannu suna kwashe yabon, da na gaji na dawo gida na ware ɗaki guda na mai da shi wurin aiki. Magina da 'yan kwangila ke kawo mini aiki. Wani ya zo da filin da ko akurkin kaji ba zai ɗauka ba ya ce falo biyu yake so, wani yana son bene amma da ka ambaci ginshiƙi sai ya ɓata rai. Duk ina iyawa da su. Abin da ya gagare ni shi ne kwamfutar da nake aikin da ita, irin ta tebur ɗin nan mai akwati daban allo daban, wadda na saya a shagon ƙanena.

Autanmu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goye shi, ni na share masa majina, ni na riƙa shan dukan laifinsa. Tun yana ƙarami muke ce masa Injiniya don zolaya, saboda ya kwance rediyon babanmu ya kasa mayarwa, sai a kwano aka kwashe kayan cikin. Yau ga shi sunan ya bi shi har ya sa an rubuta a allon shago da manyan baƙaƙe, ko kunya babu. Da zan sayi kwamfuta mai gidana ya ce in je babban kanti, na ce a'a, ga namu a gida me zai kai ni wurin bare. Injiniya ya haɗa mini ita da hannunsa, yana ta cika baki wai ko jirgin sama na ga dama zan zana a kanta. Ya ba ni garanti na 'yan watanni.

Kawu, wallahi kamar jira take yi. Duk tsawon garantin nan, lokacin sanyi ne, ko tari ba ta yi ba. Wa'adi na cika, daidai lokacin da muka fara neman fanka ido rufe, sai ta fara tsuwa. Da safe in na kunna takan yi ɗan tit ɗinta guda kamar yadda ta saba, allo ya kawo haske, komai lafiya. In wasiƙa zan buga ko lissafin bulo, babu matsala. Amma da zarar na buɗe babban zane, irin wanda nake juya ginin gaba da baya don mai shi ya ga yadda gidansa zai fito, ba a daɗewa sai in ji wani gurnani daga ciki, sai tsuwar ta biyo baya, tii-tuu, tii-tuu, sai ka ce motar asibiti ce ta shigo mini ƙarƙashin tebur. Daga nan komai ya yi nauyi, in na ja layi yanzu sai na sha ruwa na dawo kafin ya fito. In na kashe ta na je na duba tukunya, in na dawo na kunna sai ta yi luf kamar ba ita ba, ta ba ni ɗan lokaci, ta sake dasawa daga inda ta tsaya.

Kada ka ce mini sakaci ne, don na san ku maza, abin da ke fara zuwa bakinku ke nan idan na'ura ta lalace a hannun mace. Babu kwamfutar da ake tattali kamar tawa. Ɗakin aikina ba mai shiga, mai gidana ma daga bakin ƙofa yake miƙo saƙo. Akwatin yana cikin wani gurbi a ƙasan tebur da kafinta ya yi daidai jikinsa, har da murfi, don kada ƙafa ta buge shi. Sannan yana da riga. Mu a gidanmu haka muka tashi, komai da rigarsa. Innarmu tela ce tun kafin a haife mu, kuma ba ta yarda abu mai daraja ya zauna tsirara. Rediyo da riga, talabijin da riga, keken ɗinkinta da riga, fulas ɗin shayi ma da 'yar hularsa. Da ta zo mini kwana biyu gab da fitar sanyi ta ga akwatin a buɗe, sai da ta yi salati. Ta sa na ɗauko mata tef ta gwada shi ta kowane gefe, ta yanka tsohon bargo ta yi shafin ciki da shi, ta sa ledar tebur a tsakiya saboda ruwa, ta rufe da karan-miski, ta yi masa fulawa da zare a gaba. Ba ta bar kafa ko ɗaya ba sai ta maɓallin kunnawa da inda wayoyi ke fita ta baya. Rigar ta zauna ɗas, ko tururuwa ba za ta sami hanya ba balle ƙura.

Idonta ya riga ya yi rauni a lokacin, ta yi ta farkewa tana sakewa, na hana ta ta ƙi hanuwa. Ina jin shi ne ɗinkinta na ƙarshe, domin yanzu ko zare ba ta iya zura wa allura. Duk ranar da muka yi waya sai ta tambayi rigar, in na ce mata tana nan a jikin kwamfuta sai in ji muryarta ta washe. Na gaya maka wannan ne don ka san daga irin gidan da na fito, kada ka haɗa ni da masu ajiye kofin shayi a kan na'ura.

Da tsuwar ta ishe ni na kinkimi akwatin na kai wa Injiniya. Na cire rigar na ninke na sa a sif tukuna, domin ba zan kai ɗinkin Inna wurin da ake cin abinci a goge hannu a wando ba. Ka ga shagon nan kuwa? Wayoyi a ƙasa kamar saƙar gizo, matattun kwamfutoci an jibge har rufi, ga wani benci a ƙofa da ba ya rabo da marasa aikin yi. Ya ɗora ta a tebur ƙarƙashin fanka, ya kwance murfin gefe, ya kunna, ya sa mata waƙa, muka zauna muna kallon ta. Munafukar nan ta yi tsit. Tun hantsi har rana ta karkata ko uffan ba ta ce ba. Ya ce lafiyarta ƙalau. Na kwaso ta na dawo, na sa mata rigarta, na mayar da ita gurbinta, na buɗe zane. Ban gama falo ba ta fara.

Na koma. Wannan karon da ta sake yin shiru, sai yaron nan da na yi wa tsarki ya dubi 'yan bencinsa ya ce wai ko dai kunnena ne, shekaru sun fara ja, ya san wani likitan kunne mai kirki. Suka kwashe da dariya har da mai buga ƙafa. Kawu, na so ƙasa ta tsage in shige. Na ɗauki kayana na fice.

Na ce to bari in gwada wasu. Na kai wa wani can ƙarshen kasuwa, ya canja wani ɗan batir mai kamar maɓallin riga ya ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Na kai wa wani mai gilashi da taye, ya goge komai ya sake zuba sabo, na yi kwanaki ina neman inda ya kai mini kayan aikina. Shi ma a gabansa ko motsi ba ta yi ba. Wata maƙwabciyata ta ce in yi mata hayaƙi, na ce ta bar hayaƙinta ta yi wa sauro. Abin da na fahimta shi ne duk masu gyaran nan bakinsu ɗaya. Ina fita daga wannan shago waya take riga ni isa wancan, ga yayar Injiniya nan tafe, a ce mata lafiya lau.

Ana nan sai abin ya fara ba ni kunya a gaban masu kawo aiki, duk da a falo nake ganin su, ƙarar tana iso su. Na ɗauko babban tawul na ninka na lulluɓe akwatin a kan rigar, na rufe murfin gurbin. Ƙarar ta ragu kam. Amma ranar da wani ɗan kwangila yake zaune yana jiran zanen makaranta da na yi makonni a kansa, sai allo ya yi baƙi ƙirin, ta ɗauke gaba ɗaya. Aikin yinin nan duk ya tafi. Mutumin ya miƙe ya ce zai dawo, kuma ka san irin wannan dawowar. Na ji an ce wani yaro da bai san bambancin taga da ƙofa ba shi ya samu aikin.

Washegari na ɗauki tsuwar a waya na tafi shagon, na kunna masa a gaban kowa, na ce ga kunnen nawa. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya saurara, sai ya tambaye ni wai tana samun iska kuwa. Ka ji rainin wayo! Ɗakina da tagogi biyu da fankar sama, ɗakin da za ka iya cin abinci a ƙasansa, shi mai zama a cikin bola zai tambaya ko akwai iska? Ya ce bari ya rufe shago ya bi ni gida ya gani. Na ce Allah ya kiyaye, hannun da ya kwance rediyon babanmu ba zai shiga ɗakin aikina ba, ya je ya cire mai kyau ya sa mini ruɓaɓɓe. Nan fa na wanke shi tas. Na ce mazambaci ne, ya haɗa mini tarkacen da ya tsinto, ya auna daidai yadda za su kai ƙarshen garanti, kuma wanda ya cuci yayarsa babu wanda zai bari. Wata mata da ta kawo gyara ta lallaɓa ta ɗauke kwamfutarta ta fice. Shi kuwa ya dube ni kawai ya shige ciki.

Tun ranar bai kira ni ba. Matarsa ta daina turo yara wurina. In na ce abin ba ya damu na na yi ƙarya, domin yaron nan ina son sa, kuma shi ya sa cutar ta fi yi mini ciwo. Amma ba ni zan sauke kai ba.

Ga abin da na shirya. Ranar Asabar duk mukan haɗu a ɗakin Inna, 'ya'ya da surukai da jikoki. Zan ɗauki kwamfutar, wannan karon da rigarta don Inna ta ga yadda na riƙe amanarta, in jona a gaban kowa, in buɗe babban zane, mu zauna har ta yi tsuwar. Sannan in ce ya faɗa wa mahaifiyarmu abin da ya sayar mini, daga nan kuma kowa ya kama gabansa. Abin da nake so a wurinka, tunda an ce ka san na'urorin nan, ka gaya mini sunan abin da ya cusa a ciki, don in kira shi da sunansa ya rasa bakin musu.

Wadda Aka Raina

AMSAR KAWU

'Yata,

Na gode da kika shigo layin da kike yi wa dariya, akwai wuri a benci. Na karanta wasiƙarki har ƙarshe, kuma zan ba ki sunan da kike nema, sai dai ba zai yi miki daɗi ba. Abin da ke damun kwamfutarki sunansa zafi, kuma ba a ciki aka cusa shi ba, daga waje aka ɗinka mata shi.

Ke da kike zana gidaje, in mai gida ya ce ki zana masa ɗakin girki babu taga babu kafar hayaƙi, ki lulluɓe bangon da bargo da leda, me za ki ce masa? Akwatin nan yana da fankoki a ciki, aikinsu su jawo iska mai sanyi ta ƙananan hujojin gaba da gefe, su fitar da mai zafi ta baya. Ke kuma kin toshe hujojin da bargo, kin bi da leda, kin ɗora karan-miski, kin tura ta cikin gurbi kin rufe. Da ta yi kuka kika ƙara mata tawul. Gurnanin da kike ji fanka ce take gudun ceton rai. Tsuwar nan mai hawa da sauka, a na'urori da yawa, gargaɗi ne cewa injin ya ɗau zafi fiye da kima. Nauyin da take yi rage gudu ne don ta huce, ɗaukewar da ta yi kuwa kanta ta kashe kafin ta ƙone. Babban zane ya fi wasiƙa sa ta aiki, shi ya sa a kansa take farawa. Kuma ba garanti ta jira ba, sanyi ne ya rufa miki asiri har ya wuce.

Kin ce masu gyara bakinsu ɗaya. Haba 'yata, kin ɗauki kanki da girma in kina jin kasuwa guda za ta zauna taro a kanki. Duk wanda kika kai wa, tsirara kika kai masa ita, a fili, ga iska. Da hannunki kike cire cutar ki ninke ki sa a sif, sannan ki kai mara lafiya asibiti ki zagi likita don bai ga komai ba. In kin dawo kuma ki mayar mata da cutar, ki ce an cuce ki.

Ba zan wanke Injiniya gaba ɗaya ba. Maganar kunne rashin ɗa'a ce, kuma ko baƙuwa ce ba a yi mata haka a gaban 'yan benci, balle yayar da ta goye shi. Mai gyaran kirki, in na'ura ta ƙi yin laifinta a gabansa, tambaya yake yi: a ina take zama, wane aiki ake yi sa'ad da take farawa. Shi ya sa mata waƙa ya naɗe hannu. Da ya ji tsuwar ma ya ce iska, ya kamata ya fayyace cewa iskar akwatin yake nufi ba ta ɗaki ba. Wannan nasa ne, kuma kina da haƙƙin gaya masa, ku biyu. Amma ki auna da naki. Shi ya taɓa miki girma na yini ɗaya. Ke kin kira shi mazambaci a bakin shagonsa, inda yake ci da iyalinsa, kuma matar da ta fice da kwamfutarta ba a gida ta bar labarin ba. Ranar da ya tambayi abin da ya dace, ya kuma ce zai rufe shago ya bi ki, ranar kika zaɓa ki tozarta shi da laifin da ya yi tun bai san hannun damansa ba. Kin sa hannu da Wadda Aka Raina. Na duba wasiƙar da kyau, daga masu kawo miki aiki har maƙwabciya har ni, ban ga wanda ya tsira daga bakinki ba.

Yanzu ga aiki, kuma yau za ki yi shi ba gobe ba. Ki kashe ta ki zare wayar wuta. Ki cire tawul, ki cire riga, ki fito da akwatin daga gurbin nan ki ajiye shi a fili, da tazarar aƙalla tafin hannu tsakaninsa da bango ta kowane gefe. Ki duba hujojin, in gashin bargo ya liƙe ki share da busasshen buroshi, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Ki kunna, abu na farko ki kwafe duk zanenki zuwa wani ma'aji na waje, domin abin mamaki ne mace mai yi wa fulas hula a ce aikinta na shekaru yana wuri ɗaya tak. Sannan ki buɗe zanen da ya fi kowanne nauyi, ki juya shi son ranki, ki sa hannu a bayan akwatin ki ji ko iska na fita.

Ina nesa, ban ga na'urar ba, don haka ba zan rantse ba. In ta sake tsuwa a tsirara, ki kasa kunne ki gane daga ina take fitowa. Wani lokaci ba kwamfutar ba ce, akwatin batirin nan ne da ke riƙe wuta in an ɗauke, yakan yi kuka in batirinsa ya tsufa. Wani lokaci takarda ko littafi ne ya danne maɓallin kibod, wato allon haruffan da kike bugawa. In kuwa tun kunnawa take yi kafin allo ya kawo haske, ki lura ko doguwa ce ko gajera da yadda suke jeruwa, domin wannan saƙo ne, sau da yawa yana nufin wani abu a ciki ya saki daga mazauninsa, kuma fassararsa ta danganta da kamfanin da ya ƙera. Sannan ki sani, na'urar da ta yi watanni tana dahuwa tana iya yiwuwa fankarta ta gaji, ko man da ake shafawa tsakanin injin da abin sanyaya shi ya bushe. Wannan ba aikinki ba ne, na mai gyara ne.

Rigar Inna kuwa kada ki jefar, kada ki ɓoye. Ɗinki ne na ƙauna, kuma yana da amfani in an san lokacinsa. Ki tuna keken ɗinkinta. Kin taɓa ganin ta taka shi da rigarsa a kai? Takan cire ta yi aiki, in ta gama ta mayar. Tsohuwa ta san ƙa'idar, ke ce kika ɗauki rabi kika bar rabi. In kin tashi aiki kin kashe, ki bari akwatin ya huce, ki sa masa rigarsa har gari ya waye. In ta tambaye ki a waya ki ce tana nan tana aikinta, kuma ba ki yi ƙarya ba.

Sai maganar Asabar, kuma a nan na daina wasa. In kika kai kwamfutar nan ɗakin Inna da rigarta, za ta yi tsuwa, wannan ba shakka. Amma ƙanenki zai ga rigar a karo na farko, kuma kafin ki gama jona waya ya gane komai. Daga nan hanya biyu gare shi. Ko ya buɗe baki ya wanke kansa, tsohuwar da idonta ya tafi ta ji a gaban surukai da jikoki cewa ɗinkinta na ƙarshe, wanda ta yi ta farkewa tana sakewa, shi ya raba 'ya'yanta. Ko kuma ya dubi fulawar nan ya gane hannun uwarsa, ya haɗiye maganar, ya karɓi sunan mazambaci a gaban matarsa da 'ya'yansa don kada zuciyarta ta karye. Daga yadda ya shige ciki ranar nan bai rama ba, ina jin na san wadda zai zaɓa. Ki tambayi kanki wacce a ciki kike so ki zauna ki kalla.

Saboda haka ki je wurin Inna hannu rabbana, kwamfuta ta zauna a gida. Kafin ranar kuma ki bi ta shagon. In gwajin ya nuna zafi ne, kin san abin da za ki faɗa, kuma ba a waya ba, ba a lungu ba. A bakin ƙofar da kika ɓata shi za ki gyara, lokacin da bencin ya cika, da muryar da ta kai ta ranar nan ƙarfi. Ki ce kin yi kuskure, kayansa ba su da laifi. Girmanki ba zai ragu ba, yaya ce ke ko kin ba da haƙuri ko ba ki bayar ba. Bayan nan ki ja shi gefe ki yi masa faɗan kunnen, zai saurara.

In kuwa kin yi duk abin da na ce ta ci gaba da tsuwa, to kina bukatar mai gyaran da zai rufe shagonsa da rana tsaka ya bi ki har gida ba don komai ba sai don ke ce. A duk kasuwar nan mutum ɗaya ne ya taɓa yi miki wannan tayin. Ko ta yi shiru ko ta yi kuka, ƙofarsa za ki je, gara ki je tun yana iya ɗaga kai ya ce miki Yaya.

Allah ya sanyaya kwamfutar, ya sanyaya mai ita, ya bar wa Inna 'ya'yanta a ɗaki ɗaya.

Kawu